Lamba Saba'in da Huɗu Ba Ta Karɓar Ƙwallo

Kai mai karatu, tsaya in ba ka kacici-kacici ɗaya kafin ka buɗe takardun nan. Ba shi da ofis, ba shi da hatimi, ba ya sa kaki. Sojojinsa bakwai ne, dukansu suna girgiɗi. Amma ya fitar da ɗan Jidda daga Jidda. Mene ne?

Sunana Azumi, a unguwar Waziriyya ta Jidda nake. Wasiƙun nawa ne da na jikana Abdulghaffar, wanda ke karatu a Amurka. Sitti yake ce mini, wato kaka da Larabcin nan. Kunnena ya yi nauyi, kiran waya ba ya yi mini amfani, sai in rubuta a takarda in ɗauki hotonta in tura, shi ma ya yi haka.

*

Waziriyya, 5 ga Oktoba

Zuwa ga maigida Abdulghaffar,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta, ta dama ma ta fara koyi da ita. Likita ya ce sukari ya sauka, ya yaba mini, bai san abin da ke ƙarƙashin matashina ba. Gwaggonka Zakiya tana gaishe ka. Ubanka ma yana gaishe ka, ko da bai buɗe baki ya ce ba.

Bayan haka, jiya Zakiya ta haɗa wayarta da talabijin ta ce in zo in ga mijina. Awa uku na zauna. Fuska dai ba a gani, kowa ya kife tukunya a ka, amma da na hangi wani gabjeje mai lamba saba'in da huɗu na ce wannan ƙugun na gidanmu ne. To me na gani? A duƙa, a tashi, a ture mutum, a faɗi. A sake duƙawa. Ƙwallon ma ba ƙwallo ba, kamar gwandar da aka zauna a kanta. Ta wuce ta kanka, ta wuce ta gefenka, wasu 'yan sirara kamar ba a gama yaye su ba su ke cafewa ana yi musu tafi. Shekara huɗu kana ce mini ƙwallo kake yi, ashe turin mota ne babu motar.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Ubanka ya samo maka aiki a wani sito na tayil a Madinar Masana'antu, nan cikin Jidda. Ba dako ba, a ofis, har da na'urar sanyi. Mai wurin ya yarda ya zama kafilinka, wato mai tsaya maka a wurin hukuma. Ka san iƙamarka, katin zamanka a Saudiyya, tana ƙarewa ranar Alhamis, sha uku ga Nuwamba, kuma shekarunka sun wuce a sake sabunta ta a ƙarƙashin ubanka. Sai ka zo da ƙafarka kafin ranar, a yi gwajin asibiti, a mayar da kai hannun mutumin, ka koma ka gama jarrabawa, ka dawo mana gaba ɗaya a Janairu. Sati biyu ne kawai. In ranar ta wuce kana waje, halas, shi ke nan, ka zama baƙo a garin da aka binne cibiyarka.

Sai dai ka ji da kyau: kada ka shigo mini ɗaki hannunka bai taɓa ƙwallon nan ko sau ɗaya ba. Na gaya wa matan layinmu mijina ɗan ƙwallo ne, kada ka mayar da ni maƙaryaciya da furfurata.

Matarka ta fari,
Azumi

*

11 ga Oktoba

Ya Sitti,

Assalamu alaikum. Ina lafiya alhamdu lillahi, sai ɗan yatsana da ya goce aka ɗaure. Sanyi ya fara. Ki gaishe da Baba da Gwaggo. Ki fito da dabinon nan daga ƙarƙashin matashi, na san shi ne.

Tsohuwa, ba ragwanci ba ne, doka ce. Bari in yi miki bayani da Hausar da kika tilasta mini rubutawa. Mu goma sha ɗaya ne a fili. Bakwai dole su jeru a layin gaba. Na ƙarshen layi ta dama, da na ƙarshen layi ta hagu, da waɗanda ke tsaye a baya, su aka yarda a jefa wa ƙwallo gaba su cafe. Mu biyar na tsakiya aikinmu kare mai jifa, an hana mu karɓa. Kuma don kada alƙalin wasa ya ruɗe, an ware mana lambobi, daga hamsin zuwa saba'in da tara. A wasan jami'a, mai irin wannan lamba ko ina ya tsaya, ko ƙwallo ta zo tana roƙonsa, in ya kai mata hannu laifi ne. Ke kin fi kowa gane wannan. Katin ɗan ƙasa da ɗaya yake farawa, namu da biyu, kuma ma'aikaci lamba yake dubawa.

Amma ga wani sirri, ki riƙe bakinki in zai riƙu. Koci ya shirya wata dabara don wasanmu na ƙarshe, Asabar sha biyar ga Nuwamba. Zan tuɓe saba'in da huɗu in sa tamanin da takwas, in je in shaida wa alƙali kamar yadda doka ta ce. Wani zai shiga gurbina a tsakiya, ni in duƙa a ƙarshen layi kamar zan yi turin da na saba. Abokin wasana siriri mai lamba sha ɗaya zai tsaya can nesa ta gefena, amma taku ɗaya baya da layi, don ni in zama na ƙarshe. Abokan karawa sun san girmana shekara huɗu, ba wanda zai ɓata ƙafarsa ya bi ni. Sai in sulale, a jefo mini. Sau talatin muka gwada a horo, sau biyu kawai na yar.

Kin ga matsalar. Sati biyun da kuke so su ne na ƙarshen wasa, in na tafi koci zai ba wani. Sha uku da sha biyar, kwana biyu ne tsakani. Ki roƙar mini Baba ya bincika ko za a iya ƙara sati ɗaya.

Abdulghaffar

*

Waziriyya, 17 ga Oktoba

Maigida,

Muna lafiya. Allah ya ba yatsa lafiya, ka daina cusa shi inda ba a gayyace shi ba. Dabino kuma ba ruwanka, ba kai ka saya ba.

Na karanta bayaninka sau uku, na yi dariya har Zakiya ta leƙo. Ashe rigar ce ba ta da sa'a! Wato katon mutum zai canza riga a gaban dubban jama'a, ya je ya gaya wa alƙali, kuma duk da haka a ce ba a gan shi ba? Wannan jinina ne. Lokacin da nake sayar da gyaɗa a Bab Makka, in 'yan baladiyya masu korar 'yan talla suka taso, sauran mata gudu suke yi faranti yana zuba. Ni ba na gudu. Juye gyaɗar nake a zani in goya ta a baya, in lulluɓe, in riƙa jijjiga ina cewa yi shiru, yi shiru. Wata rana wani askari, ɗan sandansu, har ya ce Allah ya raya. Na ce amin. Ka gaya wa kocinku in ya rasa dabara ya aiko a tambaye ni.

Maganar sati ɗaya kuma, ubanka ya je wurin mai bin takardu, ya je wurin mai sito. Ba a hannun kowa take ba, rana ce a rubuce a jikin kati. Ya tsayar maka da kujera a jirgin ɗaya ga wata. Ya ce in gaya maka, na gaya maka.

In kuwa ka zo mini hannu wayam, saki zan nema in auri siririn nan mai lamba sha ɗaya. Shi ko ba komai yana cafewa.

Azumi

*

Waziriyya, 4 ga Nuwamba

Abdulghaffar,

Lafiya muke, amma ba lafiya ba. Kwana goma sha takwas ba ka amsa wasiƙata ba, wayar ubanka kuma ba ka ɗauka. Ya je filin jirgi ya tsaya har aka gama fitowa, ya dawo bai ci abinci ba. Ya mayar da kujerar zuwa jirgin takwas ga wata, shi ne na ƙarshe da za a iya gama gwaji a kan lokaci.

Kai yaro, in maganata ce ta tsaya maka a wuya, wasa nake yi. Tun kana zanin goyo nake yi maka, yaushe ka fara ɗauka da gaske? Ka zo ko hannunka bai taɓa komai ba a duniya sai cokali. Ka ji ban kira ka maigida ba yau, to ka san ba wasa a ciki.

Kakarka

*

10 ga Nuwamba

Ya Sitti,

Ina lafiya. Ban hau jirgin ba, kin riga kin sani. Na kasa ɗaukar wayar Baba don ban san da wane harshe zan faɗa masa ba.

Na san wasa kike yi. Kullum wasa kike yi. Ina shekara shida ni ne buhun shinkafa, ina sha biyu ni ne firji. Yaran layi suna ƙwallo, ke ce kika ce a sa ni a raga tunda na cika ta. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, don in ban yi ba a ce ban san wasan kaka ba. Ban taɓa jin haushinki ba wallahi. Amma da na karanta turin mota babu mota, sai na zauna a bakin gado na rasa abin da zan ce ƙarya ne a ciki.

Ba don ke kaɗai ba ne. Ina so sau ɗaya a kira sunana a lasifika ba don na yi laifi ba. Mai lambata ba a ambatonsa sai ranar da ya riƙe rigar wani.

Ki kalla ranar Asabar. Tamanin da takwas.

Abdulghaffar

*

Waziriyya, 16 ga Nuwamba

Maigidana, angon ƙwallo,

Lafiya lau, gwiwa ma jiya ta manta da kanta. Na yi niyyar in yi fushi da kai wata guda. Ranar Alhamis na zauna ina kallon agogo har aka kira la'asar, ofisoshi suka tashi, ubanka ya ɗauki katinka daga kan firji ya sa a aljihu. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma jiya!

Na tara su bayan isha'i: Lailatu maƙwabciyata, da 'ya'yanta mata, da Jamilatu mai ɗinki. Bakina bai riƙu ba, ka yi haƙuri, amma ai ba mai jin Hausa a cikin abokan gabarku. Aka yi ta duƙawa ana tashi har na fara gyangyaɗi. Can wajen ƙarshe Zakiya ta zungure ni. Sai ga ka ka fito kamar wanda aka aika shago, ba kowa a bayanka, ka waiga, abar nan ta taho tana juyi, ka rungume ta a ƙirji kamar jaririn da aka miƙo maka ranar suna. Ka taka ka shiga wurin fentin nan na ƙarshen fili.

Abin da ya fi faranta mini rai kuma, alƙalin da kansa, mai rigar zane-zane, ya zaro hankici ruwan ɗorawa daga ƙugunsa ya wurga sama. Na ce wa Lailatu kin gani? A garinmu in ɗan kokawa ya yi kaye mata ke jefa masa ɗankwali, a can har alƙali ba ya iya daurewa. Na callara guɗa da wannan tsohon maƙogwaro, mata suka miƙe, Lailatu ta harɗe da wayar talabijin hoto ya ɗauke, kafin Zakiya ta gyara an tashi. Ba komai, na ga abin da na zo gani.

Yau da safe na raba dabinon nan duka, har wanda kake zargi. Na tare ubanka a ƙofa na ce masa, to, iƙama ta tafi, amma yaron da alƙali ya jefa wa hankici ba zai rasa masu ɗaukarsa a can ba, gobe shi zai aiko mana da biza. Ya dube ni kawai ya fita. Ka san halinsa.

Ka karɓo mini hankicin nan in bai mayar da shi ƙugu ba. Maganar saki kuma na janye.

Matar ɗan ƙwallo,
Azumi

*

23 ga Nuwamba

Ya Sitti,

Ina lafiya. Sati guda ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Hankicin nan ba yabo ba ne. Shi alƙali ke jefawa in an yi laifi.

Na gaya miki siririn nan zai tsaya taku ɗaya baya da layi. Ihun 'yan kallo ya yi yawa, ya matso don ya ga lokacin da za a saki ƙwallo. Rabin taku. Ƙafarsa ta hau layi, sai ya zama shi ne na ƙarshe, ni kuma na koma ɗan tsakiya. Rigar daidai take, na shaida wa alƙali, na cafe, ban yar ba. Amma wanda wani ya rufe a layi ba shi da izinin karɓa ko wace lamba ya sa. Aka soke maki shidan da na ci mana, aka mayar da mu baya yadi biyar. Sun riga sun gane dabarar, ba a yin ta sau biyu. Aka cinye mu da maki huɗu.

An kira ni a lasifika, ya Sitti. Tamanin da takwas, ya taɓa ƙwallo ba da izini ba.

A littafin makaranta, gaban sunana, yawan cafewa sifili ne, kamar yadda yake tun shekarar farko. Babu mai ɗaukata. Ƙaramar jami'a ce, masu neman 'yan wasa ba su san hanyarta ba, kuma ban taɓa ce miki sun sani ba. Baba ya gane tun daren, abokin aikinsa ya duba masa sakamako, shi ya sa ya dube ki kawai ya fita. Siririn ya zo ɗakina yana kuka, ni na riƙa ba shi haƙuri. Me zan ce masa? Shi gidansu awa biyu ne a mota, ya tafi hutu jiya.

In na gama jarrabawa ina da 'yan watanni a nan, bayan haka fasfona na Najeriya ne. Ofishin ɗalibai sun tambaye ni adireshin gida, na rubuta Waziriyya na goge. Kano kuma a bakinki kawai na san ta.

Kin ce kada in shigo miki ɗaki hannuna bai taɓa ƙwallo ba. Ya taɓa. Ɗakin ne ba zan shiga ba.

Ki bar matan da labarinsu, ba sai kin gyara ba.

Abdulghaffar

*

Waziriyya, 2 ga Disamba

Abdulghaffar,

Muna nan. Ba zan ba ka labarin gwiwa ba yau.

Zakiya ta ce in bari ta karanta mini, na ce da idona zan karanta, na kuwa karanta har layin ɗakin nan. Daidai ka faɗa. Ban san ka iya Hausa haka ba.

Ban bar matan da labarinsu ba. Kwana bakwai na yi ina yawo da ɗankwali ruwan ɗorawa a ka, Jamilatu ce ta ɗinka mini, duk wanda ya tambaya in tsaya in ba shi labari da hannu da ƙafa. To da ƙafar nan na bi su gida gida na warware. Lailatu ta ce ai ya cafe, mun gani da idonmu, mene ne kuma rabin taku? Na ce ke da kika yi shekara arba'in kina sabunta kati, ke ce za ki tambayi mene ne rabin taku? Sai ta zuba mini shayi.

Aikin sito an ba ɗan wani Ba'indiye. Ubanka bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya zauna a ƙasa kusa da gadona, abin da rabon da ya yi tun rasuwar mahaifinsa, ya tambaye ni me na rubuta maka a wasiƙar farko. Na ba shi takardar. Ya karanta, ya ninke ta huɗu, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce Allah ya ƙara girma, Umma. Ya tashi. Yanzu kullum bayan magariba yana zaga masu kamfani yana neman wanda zai ɗauko ka da sabuwar biza, suna ce masa babu gurbi, ya dawo baɗi.

Na so in ce maka ai ba ka ce mini abin yana yi maka ciwo ba. Na rubuta na soke, kana iya ganin wurin. Ka faɗa, a wasiƙarka ta goma ga Nuwamba, tun kafin nan ma ba sai an faɗa ba, shirunka ya faɗa, ni kuma ina can ina auren mai lamba sha ɗaya. Ni haka aka yi mini, kakana har ya mutu bai kira ni da wani suna ba sai mummuna, kuma na san duk jikokinsa ni ya fi so. Na ɗauka kowa haka yake ji.

Zakiya ta ce kana iya zuwa da bizar umara. Ka zo. Za a buga maka ranar fita a fasfo, za mu yanka maka kaza kamar baƙo, ka kwana a ɗakin da ka yi rarrafe kana ƙirga kwanaki. Na san ba shi kake so ba, ni ma ba shi nake so ba. Shekarata saba'in da uku, ba na jin zan ga baɗin da masu kamfani suke faɗa sau da yawa. Ka zo da azumi in Allah ya kai mu.

Ban san da wane suna zan rufe ba. Wanda na saba ya ƙi fita.

Kakarka

*

Bai amsa wannan ba tukuna. Ya dai turo wa Zakiya ranar da zai gama jarrabawa, ba gaisuwa a ciki.

Amsar kacici-kacicin farko kuwa, bakina ne. Haƙora bakwai suka rage a cikinsa, yau da safe na bi su da harshe.